Adaka da Mak 4 a Ƙasar Kankiya da Kusada

A zauren kakana na wajen uwa, a wani ƙauye da ke tsakanin Kankiya da Kusada, na tashi na tarar da wata muhawara wadda aka fara tun ba a haife ni ba, ba a kuma rufe ta ba har Allah Ya karɓi rayukan masu yin ta su biyu. Ɗayansu shi ne kakan nawa, maharbi ɗan maharbi, wanda ya yi fiye da shekara arba'in yana bin sawun nama a dazuzzukan da a yau garma ta cinye su kaf. Ɗayan kuwa amininsa ne tun na ƙuruciya, Saje, wanda aka ɗauka soja a ƙarshen zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka ƙetare teku da shi zuwa yaƙin Bama, ya komo gida bayan 1945 da lamba a ƙirji, da ciwon ƙafa, da kuma wata irin ƙauna ga bindigar da ya riƙe a can, wadda ba ta gushe daga zuciyarsa ba har ya tsufa. Idan an sallame la'asar suka shimfiɗa buzu, da wuya a kira magariba zance bai gangaro kan tambayar nan tasu ba: tsakanin adaka, wato bindigar toka wadda maƙerin gari ke ƙerawa, da bindigar soja wadda mutanenmu ke kira Mak 4, wace ce ta fi?

A lokacin ina ɗaukar abin gardamar dattawa kawai. Sai da na girma na leƙa littattafan tarihi sannan na fahimci cewa mas'alar da suke juyawa a kan buzu ta ratsa tarihin ƙasar nan fiye da shekara ɗari biyu, kuma mizanan da suke aunawa da su, wato samun abin da aka auna, da ingancin ƙira, da amana, ma'ana kada bindiga ta ƙi tashi a ranar da rai ya rataya a kanta, su ne dai waɗanda sarakuna da mayaƙa suka auna da su tun kafin zuwan Nasara.

Sunayen da muke kiran kayan nan da su sun isa shaida a kan hanyar da suka biyo. Bindiga daga Larabci take, daga bunduƙiyya, wadda asalinta bunduƙ, wani ɗan itace mai kama da gujiya wanda aka ara sunansa aka ba ƙwallayen yumɓu da ake harbin tsuntsaye da su. Harsashi daga rasas ne, wato dalma. Albarushi kuwa daga barud. Ke nan ta Hamada ta fara iso mana, tare da takarda da alharini da littattafan fiƙihu. A Barno, Imam Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma, a ƙarni na 16, yana da Turkawa masu harbi da bindiga da kuma bayin gida da aka koya wa wannan aiki. A Kano kuwa, tarihin sarakunanta ya ambaci shigo da bindigogi da garkuwoyi daga Nufe a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Waɗanda suka zo ta Nufe na bakin teku ne, irin waɗanda ake ƙerawa da araha a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam musamman don kasuwar Afirka, Turawa kuma suna kiran su da sunan mutanen Denmak saboda fataken ƙasar da suka yi cinikinsu a gaɓar Gwalkwas. Waɗannan su ne kakannin adaka.

Amma duk da daɗewarta a ƙasa, bindiga ba ta yi saurin ƙwace fage ba. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da baka da kwari suka karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804, kuma bayan shekara 22, da Kyaftin Clapperton ya halarci yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya, bindigogin da ya ƙirga a cikin rundunar dubban mutane ba su kai hamsin ba. Ya ga masu su suna matsawa su harba, su ruga da baya su ɗura, su komo. Duk wanda ya san laƙabin harbi-ka-ruga da ake yi wa adaka har gobe zai gane abin da Baturen ya gani. Maharbin baka yana sakin kibiya biyar ko shida kafin mai bindiga ya ɗura sau ɗaya, kibiyarsa da dafi, ba ta bukatar albarushin da sai an sayo, ba ta kuma tsoron raɓa. Fa'idar bindiga a wancan zamani tana ga ƙara da hayaƙi, waɗanda ke firgita dokin da bai saba ba, shi ya sa sarakuna suka riƙe ta a hannun bayinsu amintattu, kusa da jikinsu.

Ƙasar Kankiya da Kusada ba ta kasance a gefen wannan labari ba, domin hanyar Katsina zuwa Kano ta cikinta ta ratsa, kuma duk abin da ya bi hanya, alheri ko sharri, sai ya taɓa ta. Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya kafa tutar jihadi a Katsina, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can kuma suka yi ta kawo hari shekara da shekaru, musamman a zamanin Ɗanbaskore, har cikin ƙasar Kano da Zazzau. Mutumin da ya ji sunayen Kafin Soli da Kafin Dangi a ƙasar Kankiya, ya kuma san cewa kafi shi ne shingen gumagumai da ake kewaye gari da shi, ba ya bukatar a gaya masa irin barcin da mutanen wancan zamani suke yi. A farkon 1851 Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Kusada a kan hanyarsa ta zuwa Kano, inda ya shiga ranar 2 ga Fabrairu. Kafin nan kuwa, a Katsina, Sarki Muhammadu Bello ya nemi ya ba shi irin wutar nan da ke tashi sama ta fashe, don ya tsorata abokan gaba da ita. Wannan roƙo yana nuna matsayin albarushi a idon sarakunan lokacin: abin razanarwa ne tukuna. Sai a arewa, a Damagaram, Sarki Tanimu ya ɗauki abin da gaske, ya tara dubban bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birninsa.

Sa'an nan yaƙin basasar Kano ya zo har ƙofar gida. Da Yusufawa suka kori Sarki Tukur daga birni a 1894, sai ya fake a Kamri, a bakin iyakar Katsina, Alu ɗan Abdullahi, jagoran Yusufawan, ya biyo shi, aka haɗu a Tafashiya a watan Maris 1895, a nan aka ci Tukur da yaƙi, ajalinsa kuma ya zo a sanadin wannan karo. Alun nan shi ake yi wa laƙabi da Maisango, sango kuwa shi ne irin mashin nan da maharban giwa ke cusawa a bakin bindiga su harba. Sarki ne da ya dogara da 'yan bindigarsa fiye da magabatansa. Tsofaffin ƙasarmu, waɗanda iyayensu suka ji ƙarar wannan rana, ba su ɗauki Tafashiya sunan ƙauye kawai ba.

Alhali ana wannan, can a Turai an riga an yanke hukuncin da zai raba bindigogin nan biyu, kowace da gidanta. A 1890 ƙasashen Nasara suka taru a Burusels suka ƙulla yarjejeniya cewa ba za a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi ta gindi ba, amma an yarda a ci gaba da sayar musu da masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sun ce don hana cinikin bayi ne. Sakamakon dai shi ne, da Kanar Morland ya tsaya a bakin ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojansa na riƙe da bindigogin da ke kashewa daga inda kibiya ba ta kaiwa, ga igwa, ga bindiga mai ruwa wadda Maxim ya ƙirƙiro, na cikin birni kuwa mafi yawan abin da ke hannunsu takobi ne da mashi da baka da bindigogin ɗuri. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, kafin watan ya ƙare Gwamna Lugga ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da an yi yaƙi ba. Daga nan doka ta tabbatar da rabon: bindigar zamani ta hukuma ce, ta soja da ɗan sanda, talaka kuwa an bar masa adaka da lasin. Dokar makamai ta 1959 ma a kan wannan tubali aka gina ta, ta ware bindigogin ɗuri a aji na daban mai sauƙin izini.

To, a nan ne muhawarar zauren kakana ta samo tushe, kuma a kan mizani na farko, wato samun abin da aka auna, tsohon sojan yana da hujjar da ba ta karyuwa. Bindigar da ya riƙe, wadda sunanta na asali Lee-Enfield, mutanenmu kuma suka haɗa ire-irenta duka suka kira su Mak 4, a cikin bututunta akwai tsagogi da aka murɗa kamar igiya, harsashi kuma an yi shi daidai da faɗin bututun, saboda haka idan ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, juyawar nan kuwa ita ke hana shi karkata. Tana cin harsashi 10 a cikinta, sojan da aka horar yana iya harbi 15 a minti ɗaya, kowanne da saiti, a kan abin da ke nesa da shi yadi 300. Ita adaka cikinta sumul yake, abin da aka zuba mata kuma, dalma ce ko gutsattsarin ƙarfe, bai cika bututun ba, sai ya riƙa bugun gefe da gefe yana fita, ya nufi inda bugun ƙarshe ya tura shi. Bayan taki hamsin ko sittin, sai dai a ce harbi a wutsiya ya fi kuskure.

Kakana bai taɓa musun wannan ba. Abin da yakan ce shi ne, “Saje, taka tana da ido, tawa kuwa ni ne idonta.” Na fahimci maganar ne a wata ranar rani da ya yarda na bi shi, ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, bisa sharaɗin in kwanta a gindin wata sabara kada in motsa ko da kunama ce ta hau ni. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa, ya ɗaura kan burtu a goshinsa, wato itacen nan da aka sassaƙa aka rufe da fata aka sa masa bakin tsuntsun, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa. Daga nan ban ƙara ganin mutum ba. Tsuntsu na gani yana kiwo, yana sunkuyar da kai yana caccakar ƙasa, yana ɗagowa, yana ɗan karkata hagu kamar ba shi da wata niyya, alhali kowane sunkuyo yana rage tazarar da ke tsakaninsa da wata gada da ke cin ganye a bakin kwari. Ya ɗauki lokacin da ya isa a dafa tuwo. Gadar ta ɗaga kai sau uku ta dube shi ta mayar. Da ya rage bai fi taki ashirin ba, sai na ga baƙin zanen ya buɗe, wuta ta yi walƙiya a gefen fuskarsa, ƙarar ta biyo baya, hayaƙi fari ya rufe shi har na daina ganinsa. Da ya komo gwiwoyinsa duk ƙaya, ya ce da ni, “Maigida, ka ga saitin adaka? A gwiwa yake.”

Na daɗe ina tunanin wannan kalma, kuma ra'ayina a yau shi ne gajartar hannun adaka ita ta haifi ilmin maharbanmu. Wanda bindigarsa ba ta kaiwa nesa dole ya san iska, ya san sawu, ya san lokacin da kowace dabba ke sauka ruwa, ya san haƙuri; harbi ɗaya gare shi, idan ya kuskure ya kwana da yunwa, idan kuwa abin da ya harba mai faɗa ne ya kwana a inda Allah Ya so. Da wannan ne sarautar Sarkin Baka ta sami ma'ana, da kirarin maharba, da layu da guraye da suke ɗaurawa, waɗanda malamai suka daɗe suna yi musu nasiha a kansu.

Tun da an ambaci malamai, ya kamata a faɗi cewa su ma bindiga ta ba su aiki. Malaman farko sun hana cin abin da aka kashe da bunduƙ na yumɓu idan ba a riske shi da rai an yanka ba, domin bugu yake yi ba huda ba, hukuncinsa hukuncin abin da aka doke da sanda ya mutu. Da albarushi ya bayyana sai aka rasa nassi daga magabata, malaman baya suka yi saɓani, har jama'a daga malaman Fas suka yi fatawa da halasci, Shehu Dardiri kuma ya kawo wannan a sharhinsa na Muhtasar Halil, bisa hujjar cewa dalma tana hudawa tana zubar da jini fiye da kowane makami, Dasuƙi ya faɗaɗa bayanin a hashiyarsa. Da wannan fatawa maharbanmu suke aiki, ko sun san sunan littafin ko ba su sani ba: a yi niyya, a ambaci sunan Allah yayin harbi, idan an riski dabba da sauran rai a yanka. Ban taɓa ganin kakana ya ja kunama bai yi bisimilla ba, wuƙarsa kuma kullum a wase take.

A kan mizani na biyu, ingancin ƙira, nan ma gaskiya tana wajen Saje, kuma gaskiya ce mai ɗaci a gidanmu. A Ingila tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake ɗura wa bututu fiye da ƙimarsa a harba, idan ya jure a buga masa hatimi. Bindigar soja kuwa injuna ne ke yanka ƙarfenta bisa awo ɗaya, har ana iya cire wani sashe daga wannan a sa wa waccan. Maƙerin gari ba shi da wannan. Yana da zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, da idon da ya gada wajen ubansa. Da farko gyaran na Turai yake yi, yana sake musu kunama da ƙota, daga baya, da motoci da famfo suka yawaita, ya koma neman bututun ƙarfe a cikin tarkacensu. Wani bututun yakan yi shekara talatin lafiya, wani kuwa yana da aibin da ido ba ya gani. Ƙanen mahaifiyata ya rasa yatsu biyu na hannun hagu a ranar wata Sallah, lokacin da sabuwar bindigar da ya saya a wata kasuwa ta tsage a hannunsa, na kuma ga yadda ƙarfen ya buɗe kamar ɓawon rake. Kakana ya ce ɗurin ne ya yi yawa, irin na samari masu son a ji tasu ta fi ta kowa ƙara. Saje ya ce ƙarfen ne. Mai yiwuwa dukansu sun yi gaskiya. Abin da na lura da shi dai, tun daga ranar kakana bai sake barin wani nasa ya sayi bindiga a hannun wanda bai san ƙofar gidansa ba.

Saura mizani na uku, amana, kuma a nan ne nake ganin maharbin ya fi sojan hangen nesa, ko da yake a zahiri hujja tana gaban sojan. Kowa ya san halin adaka da damina. Albarushi yana shan danshi, ƙanƙara takan ƙyasta ba ta ba da wuta ba, wani lokaci wutar ta kama a waje ta ƙi shiga ciki, wani lokaci ta yi jinkiri har mutum ya sauke daga kafaɗa sannan ta tashi, toka kuma tana taruwa a cikin bututu bayan 'yan harbe-harbe sai an wanke. Ko da aka koma sa mata ɗan ƙoƙon tagulla mai kama wuta a maimakon ƙanƙara, an rage cutar ne, ba a warkar ba. Saje yakan ba da labarin ruwan Bama, wanda ke zuba kwana da kwanaki, da taɓon da ke kai wa gwiwa, ya ce a cikin wannan hali bai taɓa jan kunama ta ƙi amsawa ba, domin wuta da albarushi da harsashi duk a rufe suke cikin kwanso ɗaya na tagulla.

Sai kakana ya tambaye shi, “To, yanzu tana ina?” Saje ya ce ya mayar wa hukuma ranar sallama. “Da sun bar maka ita, harsashi fa?” Ya ce sai a bariki. “In wani abu ya karye a cikinta?” Ya ce akwai masu gyara a bariki. Kakana ya miƙa hannu ya shafa tasa, wadda ke jingine a kusurwar zaure, ƙotarta ta yi baƙi da man gyaɗa da gumin hannu, an ɗaure tsagar da ke wuyanta da jan kilago, an kuma sake mata kunama har sau biyu a maƙerar da ba ta fi tafiyar sa'a ɗaya ba, ya ce, “Wannan tun ubana take ci a gidan nan, ba ta taɓa zuwa bariki ba.”

Alal haƙiƙa abu biyu suke kira da suna ɗaya. Amanar da Saje ke nufi ta rana ɗaya ce, ranar gumurzu, kuma a wannan Mak 4 ba ta da na biyu. Amma amana ce da ke rataye da jirgin ruwa da ma'aikata da ma'ajin hukuma, ranar da igiyar nan ta tsinke bindigar ta zama sanda. Amanar da kakana ke nufi ta shekara hamsin ce. Adaka tana cin abin da gari ke iya ba ta, tsumma da dalma da guntun ƙarfe, mai gyaranta yana sallar Juma'a a sahu ɗaya da mai ita, idan ya yi algus an san inda za a same shi, Sarkin Maƙera yana nan, mai gari yana nan. Kunnen Bahaushe ma yana jin “a daka” a cikin sunanta, domin sai an zuba, an danna, an daka da tsinken ƙarfe kafin ta yi magana, kuma wannan jinkirin, wanda aibi ne a fagen fama, shi ya sa ta zauna lafiya a cikin jama'a: kowa ya san gidan da take, kowa ya san hannun da ya ƙera ta, mai fushi kuma kafin ya gama ɗuri an riƙe shi. Da wannan ta rayu fiye da bindigogin da suka ci ta da yaƙi. Martini da Snider sun zo sun wuce, Mak 4 ta tsufa a hannun 'yan sanda, ita kuwa tana nan.

Bayan samun mulkin kai sojan Nijeriya suka koma ga bindiga mai ɗura kanta, wadda iskar harbin farko ke tura kwanso waje ta shigar da sabon harsashi, soja ba abin da zai yi sai sake jan kunama. Daga cikinsu akwai FN ta Beljiyam, wadda ake ƙerawa a Herstal, a gefen Liyej ɗin nan da ta daɗe tana aiko mana da bindigogin ƙanƙara. A 1964 aka kafa ma'aikatar makamai ta ƙasa a Kaduna, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya sa dubban samarin arewa suka san irin waɗannan bindigogi da hannunsu. Duk da haka rabon nan na 1890 bai rushe ba a ƙauyukanmu sai a 'yan shekarun nan, lokacin da AK-47 ta malalo ta iyakoki ta faɗa hannun waɗanda ba hukuma ba. Ita ce bindigar da ta haɗa abin da tsofaffin nan biyu suka raba: tana kaiwa nesa, ba ta tsoron ruwa ko rairayi, ba ta kuma bukatar bariki. Ba ta da maƙeri a gari, ba ta da Sarkin Baka, ba wanda ya san ƙofar gidan da ta fito. Da masifar 'yan fashin daji ta taɓa ƙauyukan Matazu da Musawa da Kankiya, abin da 'yan sa-kai suka fara ɗauka don tsare iyalansu shi ne adakar kakanninsu, harbi ɗaya a gaban talatin, kafin gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba 2023.

Har kalmar 'yan bindiga ma an ƙwace mana. A ƙuruciyata idan aka ce 'yan bindiga, ana nufin mutanen nan masu jajayen riguna da layu da ke tafe a gaban hakimi ranar hawan Sallah, suna cika adaka da albarushi zalla ba dalma, su ɗaga sama su saki, ƙasa ta girgiza, dawaki su yi tsaye da ƙafa biyu, mata su rangaɗa guɗa, mu kuwa yara mu kutsa cikin hayaƙin muna shaƙar warinsa muna tsintar tsumman da ya faɗo yana ci da wuta. Gado ne da ya taso tun daga masu tsaron sarakuna irin na Babba Zaki. A Sallar da ta wuce na je gida, na tsaya a bakin hanya riƙe da hannun jikata 'yar shekara shida, ina gaya mata ta saurara, yanzu 'yan bindiga za su iso. Ta ɗago kai ta dube ni, hannunta ya yi sanyi a cikin nawa, ta ce, “Kaka, mu gudu gida?” Na durƙusa na yi mata bayani, na nuna mata dattijon da ke gaba, wanda na san ubansa, na ce ta dubi yadda yake danna tsumma da tsinken ƙarfe. Ta duba. Da ya ɗaga ya saki, ta cusa fuskarta a cikin rigata, ba ta fito da ita ba sai da hayaƙin ya washe dawaki suka wuce.